Tarihin Haruffa Uku a Takardar Gwajin Jini: Tutiya, Dalma da Ƙashin 'Ya'yanmu

Idan ka taɓa karɓar takardar sakamakon gwajin jini, a Babban Asibitin Daura ne ko a wani ɗakin gwaji na kuɗi cikin gari, mai yiwuwa idonka ya faɗa kan haruffa uku, ALP, da lamba a gabansu. Sau da yawa lambar takan zo da alamar ta haura ƙa'ida, musamman idan takardar ta yaro ce, sai hankalin uba ya tashi tun kafin ya isa gaban likita. Haruffan nan sunan wani inzayim ne, wato ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikatan furotin da ke gaggauta ayyukan cikin jiki. Aikinsa guda ne, tsinke fosfet daga jikin abin da yake manne da shi, kuma ba ya iya yin sa sai an zaunar masa da ƙwayoyin ma'adinai uku a wurarensu: biyu na tutiya, wadda aka fi sani da zink a kantin magani, da ɗaya na magnesiyam. Yadda aka gano haka labari ne na fiye da shekara ɗari, kuma wasu babobinsa a ƙasarmu aka rubuta su, wasu da jinin 'ya'yanmu.

Ɗaurin da ba ya kwancewa da kansa

A shekarar 1669 wani Bajamushe mai suna Hennig Brand, mazaunin Hamburg, yana neman hanyar haɗa zinariya, ya tara fitsari mai yawa ya yi ta dafawa har ya sami wani farin abu mai walƙiya cikin duhu. Zinariya dai ba ta samu ba, amma an sami fosfarus. Bayan kamar shekara ɗari masana biyu a Suwidin, Gahn da Scheele, suka nuna cewa ƙashi haɗin wannan fosfarus ne da kalsiyam. A yau an san cewa kashi 85 cikin ɗari na fosfarus ɗin jikinka yana cikin ƙashi da haƙori. Ragowar kuwa, ko da yake kaɗan ne, shi ne mai yawan aiki. Yana yawo a siffar fosfet, ana ɗaura shi a jikin sukari, a jikin furotin, a kwance, a sake ɗaurawa.

Waɗanda suka fara ganin wannan ɗauri da kwancewa su ne Arthur Harden da William Young na Cibiyar Lister da ke Landan, tsakanin 1905 da 1906. Suna nazarin yadda ruwan yis ke narkar da sukari, sai suka lura aikin yakan lafa bayan ɗan lokaci, amma da zarar an zuba fosfet sai ya sake tashi, fosfet ɗin kuma ya ɓace, ya koma manne a jikin sukarin. A 1929 aka gano sinadarin ATP a cikin tsoka, Karl Lohmann a Jamus, Fiske da Subbarow a Amurka. Shi ATP fosfet uku ne a jere, kuma tsinke na ƙarshen shi ne kuɗin da jiki ke biya a kan kowane motsi, daga bugun zuciya har ƙiftawar ido. A 1931 Lohmann ya nuna cewa wannan ciniki ba ya yiwuwa sai da magnesiyam. Zaren gadon halitta ma, DNA, fosfet ne ke haɗa kowace gaɓa tasa da ta kusa da ita.

To, me ya sa sai da ma'adini? Domin ɗaurin fosfet yana da taurin da ya wuce misali. A 2003 Richard Wolfenden da abokan aikinsa a Amurka suka auna tsawon lokacin da irin wannan ɗauri zai ɗauka kafin rabinsa ya kwance a cikin ruwa in ba mai taimako, sai lissafi ya ba su fiye da shekara tiriliyan ɗaya. Inzayim kuwa yana kwance shi sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Dalilin taurin shi ne fosfet yana lulluɓe da caji irin na ƙasan batir, mai alamar ragi, kuma duk abin da zai zo ya tsinke shi da irin wannan fuska yake tunkararsa, sai su ture juna. Wannan taurin rahama ne, don ba domin shi ba da zaren gadonmu ya warware a cikin ruwan jiki. Amma ranar da ake son tsinkewa, dole a sami abu mai caji na ƙari da zai riƙe fosfet ɗin ya kwantar da shi. Ka dubi maƙeri: masaba ce ke dukan ƙarfe, amma in ba awartaki da zai riƙe shi a kan uwar maƙera, dukan banza ne. Tutiya da magnesiyam su ne awartakin.

Daga ƙashin ɓera zuwa ɗakin gwaji

Robert Robison, wanda ya yi aiki tare da Harden a Cibiyar Lister, shi ya kawo maganar kan ƙashi. Yana sarrafa sukari mai ɗauke da fosfet a cikin ruwan da ke da kalsiyam, sai ya ga duk lokacin da aka tsinke fosfet ɗin wani farin gari yakan kwanta a gindin kwalba. Garin nan kalsiyam fosfet ne, ainihin abin da ke sa ƙashi tauri. Sai ya tambayi kansa, shin ba haka jiki ke gina ƙashi ba? Ya bincika ƙasusuwan ƙananan ɓeraye da zomaye, ya tarar da inzayim mai tsinke fosfet jibge a daidai inda ƙashi ke tsiro, ya buga sakamakon a 1923. Saboda inzayim ɗin ya fi kuzari a ruwa mai kaifi irin na kanwa ko na toka, wanda masana ke kira alkali, daga baya aka raɗa masa sunan da aka taƙaita zuwa ALP.

Likitoci ba su yi jinkirin cin moriyarsa ba. Tsakanin 1929 da 1930 H. D. Kay ya nuna cewa yana ƙaruwa ƙwarai a jinin masu cututtukan ƙashi, har da yara masu laushin ƙashi. Cikin 'yan shekaru aka ga yana hawa kuma a jinin mai shawara idan hanyar ruwan matsarmama ta toshe. A 1934 King da Armstrong a Toronto suka fito da hanyar aunawa mai sauƙi wadda asibitoci suka yi shekaru da dama suna bi. Gwajin da aka yi wa ɗanka jikan wannan ne.

Bayanin Robison bai cika ba, kuma wani jariri ne ya nuna inda giɓin yake. A 1948 likita John Rathbun, shi ma a Toronto, ya ba da labarin yaron da aka haifa ƙasusuwansa ba su yi tauri ba, kalsiyam da fosfet na jininsa ba su gaza ba, amma ALP ɗinsa kusan babu. Yaron bai yi tsawon rai ba. Binciken Herbert Fleisch da Graham Russell na shekarun 1960 zuwa farkon 1970 ya fayyace lamarin: jiki yana da wani mai gadi, fosfet biyu a haɗe, wanda ke hana kalsiyam daskarewa a inda bai kamata ba, kamar jijiyoyin jini. A wurin da ake son ƙashi, ALP ne ke raba wannan mai gadi gida biyu, sai hanya ta buɗe. Wato yana kawo kayan gini, yana kuma kawar da mai hana ginin.

Zancen tutiya ya tabbata a 1962, lokacin da Plocke da Levinthal da Vallee suka nuna cewa irin wannan inzayim na jikin baktiriya yana ɗauke da ita, in an zare ta ya mutu, in an mayar ya farfaɗo. A 1991 Kim da Wyckoff na Jami'ar Yale suka fitar da cikakken hotonsa: ƙwayar zarra biyu ta tutiya suna fuskantar juna, magnesiyam yana gefe. Tazarar da ke tsakanin biyun, ka raba milimita ɗaya gida miliyan goma ka ɗauki huɗu. Fosfet yana shiga tsakaninsu daidai wa daida, ɗaya ta wasa abin yankan, ɗaya ta tallafi ɓangaren da zai rabu. Duk tutiyar da ke jikin babban mutum ba ta wuce giram biyu zuwa uku ba, bai kai cikin ƙaramin cokali ba.

Akwai wani ɗan abu da ma'aikatan ɗakin gwaji suka sani wanda ya kamata kai ma ka sani. Kwalbar ɗibar jini mai murfi ruwan hoda mai duhu tana ɗauke da sinadarin EDTA, wanda aikinsa kama ma'adinai ne don kada jini ya daskare. Idan aka yi kuskure aka auna ALP daga jinin da ya taɓa wannan sinadari, lambar za ta faɗi ƙasa warwas, kalsiyam ma haka, alhali mutum lafiyarsa ƙalau. An ƙwace wa inzayim awartakinsa ne a cikin kwalba. Shi ya sa likitan kirki, in ya ga sakamakon da bai dace da majinyacin da ke gabansa ba, yakan ce a sake.

Darasin Jos

Littattafan likitanci na Turai sun daɗe suna koyar da cewa laushin ƙashi na yara, mai kawo gwame ko lanƙwasar ƙafa kamar baka, da kumburin wuyan hannu, da jinkirin tafiya, ciwon rashin rana ne. Gaskiya ne a wurinsu, domin hasken rana ke sa fata ta haɗa bitamin D, shi kuma ya sa hanji ya tsotsi kalsiyam, kuma yaran biranen Ingila masu hayaƙi ba sa ganin rana. Amma a Arewacin Nijeriya, inda rana ke dukan yaro tun hantsi har la'asar, me zai kawo shi? Ga shi kuwa ana ganinsa.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa suka ɗauki yara 123 masu wannan ciwo suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka yi musu allurar bitamin D, kashi ɗaya aka ba su kalsiyam miligiram 1,000 kullum, kashi na uku aka haɗa musu duka biyun, har tsawon mako 24. Ma'aunin warkewa biyu ne, hoton ƙashi da saukar ALP. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna kashi 61 cikin ɗari na masu shan kalsiyam kaɗai sun kai ga ma'aunin, masu haɗin biyu kashi 58, masu bitamin D kaɗai kuwa kashi 19. Da aka auna abincin yaran, kalsiyam ɗin da suke samu a yini bai wuce kimanin miligiram 200 ba. Matsayar da masana na duniya suka cimma a 2016 ta ce yaron da ya wuce shekara ɗaya, in yana samun ƙasa da 300 yana cikin haɗari, abin da ya wadatar kuwa shi ne sama da 500. Wannan bincike na Jos yana cikin manyan hujjojin da suka sa aka gyara littattafan. Daga baya ma, a can Jos ɗin, an gwada niƙaƙƙen busasshen kifi da ƙashinsa, aka ga yana warkarwa.

Ka ga ke nan ALP na yaro mai laushin ƙashi yana hawa ne don magina sun taru, suna ta aiki, amma ba kayan gini. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai ba kowane tsami ne lalacewa ba. Yaro lafiyayye mai girma lambarsa takan ninka ta babba sau biyu ko uku, kuma takardu da yawa ma'aunin manya ne a buge a jikinsu. Mai ciki a watannin ƙarshe tata takan hau saboda mabiyiya ita ma tana yin nata ALP. Wanda ya karye yana ɗori, tasa takan hau. A gefe guda, yaro mai tamowa mai tsanani lambarsa tana iya zama ƙasa ko daidai ko da ƙashinsa na ciwo, don ba shi da furotin da tutiyar da zai gina inzayim ɗin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kai takardar wurin likita tare da yaron, ya duba ƙafa da wuyan hannu da idonsa.

Gero da abin da ya ɓoye

Ƙasar Daura, daga Sandamu da Mai'aduwa zuwa Zango da Baure, ƙasar gero ce. Jigawa ce mai ƙarancin ruwan sama, kuma gero ne ya riƙe mutanenta tun zamanin da ba a rubuta ba. Ba abin rainawa ba ne, domin ya fi farar shinkafa tutiya da sinadarin ƙarfe nesa ba kusa ba. Sai dai kowace ƙwayar hatsi, gero ne ko dawa ko masara, har wake da gyaɗa, tana ajiye fosfet ɗin da tsiro zai buƙata a cikin wani sinadari mai suna fitet, wanda fosfet shida ne a ɗaure a zobe guda. Ka tuna fosfet da ma'adini masoyan juna ne. Shida a wuri ɗaya kuwa tarko ne: yana kama tutiya da kalsiyam da ƙarfen da ke cikin tuwo, ya riƙe su tamau, kuma hanjin ɗan Adam ba shi da isasshen inzayim da zai kwance shi. Sai su wuce tare.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, McCance da Widdowson a Ingila suka gwada a jikinsu da na abokan aikinsu, suka nuna a 1942 cewa burodin da ba a cire wa dusa ba yana rage kalsiyam ɗin da jiki ke tsotsa, har gwamnatinsu ta sa a riƙa zuba alli a cikin fulawa. Labarin da ya fi kama da namu kuwa na Ananda Prasad ne, likita ɗan asalin Indiya da ya je aiki Shiraz ta ƙasar Iran a 1958. An kawo masa saurayi ɗan shekara 21 mai jikin yaro ɗan shekara goma, bai balaga ba, ga ƙarancin jini. Abincinsa gurasar alkama marar yis, ba nama, yana kuma cin ƙasa. Prasad ya sami irinsa da dama. Rashin ƙarfe ya bayyana ƙarancin jinin, amma bai bayyana tsumburewar ba. Cikin abubuwan da suka ja hankalinsa zuwa ga tutiya har da yadda ALP ɗinsu ya riƙa hawa bayan an gyara musu abinci. Ya buga zatonsa a 1961, ya tabbatar da shi a ƙauyukan Masar a 1963. Kafin nan masana da yawa ba su yarda ɗan Adam zai iya rasa tutiya ba. Shi ne kuma daga baya ya nuna cewa masu sikila sukan yi ƙarancinta.

A nan ne ya kamata a yi wa iyayenmu mata adalci. Maganin fitet shi ne wani inzayim mai tsinke fosfet ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma yana farkawa ne idan hatsi ya jiƙa, ko ya yi tsiro, ko ƙullu ya kwana ya yi tsami. Matar da ta jiƙa gero, ta niƙa, ta tace, ta bar gasara ta kwana kafin ta dama koko, ta rage ƙarfin tarkon nan ba tare da ta san sunansa ba. Binciken da aka yi a Burkina Faso kan kokonsu na gero ya nuna raguwa mai yawa. Wadda ta dama fura da nono kuwa ta yi abin da ya fi haka, domin kofi ɗaya na nono yana ɗauke da kalsiyam kusan miligiram 300. Miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu duk suna ƙarawa, ɗan nama ko hanta ko ƙwai kuma su ne hanyar tutiya mafi sauƙin tsotsa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda tsadar rayuwa ke mayar da furar yaro farau-farau da ruwa da sukari, da kunun yaye tsararo na garin da aka niƙo a inji aka dama nan take. A ganina gidan da ke da akuya mai shayarwa ko saniya, ya sayar da nonon duka a kasuwar Mai'aduwa bai rage wa ɗan yaye ko ludayi biyu ba, ya yi cinikin asara. A ƙetaren iyaka, Jamhuriyar Nijar ta fitar da irin gero mai suna Chakti a 2018, wanda aka zaɓo don yawan ƙarfe da tutiya.

Gudawa tana zubar da tutiya, rashin tutiya kuma yana tsawaita gudawa. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jariri ƙasa da wata shida kuwa miligiram 10. Amfanin zink a nan ya fi na ALP faɗi, domin ɗaruruwan inzayim ne ke dogara da ita. Ke uwa, kada ki tsayar da ƙwayar ranar da gudawa ta tsaya. Sauran kwanakin na mayar da abin da ya zube ne.

Baƙon da ke zama a kujerar mai gida

Kujerar ma'adini tana iya zama babu kowa, tana kuma iya samun wanda ba nata ba. A cikin ƙasa, dalma da tutiya maƙwabta ne, tare ake haƙo su a kwarin Binuwai, irin su Zurak ta ƙasar Wase. A cikin jiki ma dalma tana ɗauke da caji biyu na ƙari kamar tutiya da kalsiyam da magnesiyam, don haka takan shige wurarensu. Amma kama da wane ba wane ba ne. Ta zauna, ta kasa aikin, ta hana mai shi zama.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitoci suka lura cewa jajayen ƙwayoyin jinin mai gubar dalma, in an rina su aka duba a madubin likita, suna da ɗige-ɗige shuɗɗa. Sai a tsakiyar shekarun 1970 Valentine da Paglia a Amurka suka gano dalili. Sabuwar ƙwayar jini tana da tarkacen da dole ta zubar kafin ta nuna, kuma tarkacen ba ya iya fita sai wani inzayim mai aiki da magnesiyam ya tsinke masa fosfet. Dalma tana kashe wannan inzayim, sai shara ta taru, ƙwayar ta mutu da wuri. Tana kuma ture tutiya daga ɗaya cikin inzayim ɗin da ke haɗa jan launin jini. A ƙwaƙwalwa tana kwaikwayon kalsiyam, tana tayar da masu ɗaura fosfet a lokacin da bai kamata ba, kuma a nan ne ɓarnarta ba ta gyaruwa.

Mun ga wannan da idonmu. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Bukkuyum da Anka na Jihar Zamfara, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu komai. Duwatsun zinariya da ake kawowa gida ana daka su a turmi, ana niƙawa a injin hatsi, cike suke da dalma. Binciken gida-gida da aka yi a ƙauyuka biyu ya tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da suka rasu ta kai kimanin 400. Sunayen 'Yargalma da Dareta da Bagega sun shiga littattafan likitanci na duniya. Maganin da aka ba dubban da suka tsira, DMSA, shi ma kama ma'adini yake yi ya fitar ta fitsari, kuma bai da amfani sai an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Kana iya cewa Daura ba ƙasar haƙar zinariya ba ce. Haka ne, amma 'ya'yanta suna zuwa cirani wuraren haƙa su dawo da ƙura a tufafi, akwai masu fasa tsohon batirin mota, akwai kuma tandun kwalli a ɗakin kaka. Dutsen tozali mai ƙyalli da aka saba niƙawa, mafi yawansa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton jariri ɗan wata shida a Boston, iyayensa 'yan Nijeriya, wanda aka sami dalma a jininsa. Da aka auna tozalin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Sa kwalli abu ne mai asali a addini da al'ada, ba kuma wannan ake ja ba. Abin lura shi ne dutsen ismidi da malamai ke ambata daban, dutsen dalma daban, kuma ido ba ya iya raba su a kasuwa. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Hanjinsa yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma ya fi tsotsa in yana da ƙarancin kalsiyam ko ƙarfe, domin ta ƙofarsu take shiga. Wadda ta shiga jikin yarinya takan kwanta a ƙashi shekara da shekaru, ta fito lokacin ciki da shayarwa. Babu wani adadi nata da aka sani marar illa. Shawarata kai tsaye ce: a bar idon jariri da na ƙaramin yaro ba kwalli.

Abin da ya dawo ta kantin magani

A 1993 wasu ma'aurata masana a Yale, Thomas da Joan Steitz, suka ce tsarin nan na ma'adinai biyu masu fuskantar juna ba na ALP kaɗai ba ne, da shi inzayim masu yawa ke yanka zaren gado da ɗinke shi. Ƙwayar cutar ƙanjamau tana da irin wannan, mai magnesiyam biyu, wanda da shi take yanka DNA na mutum ta cusa nata. Masu haɗa magani suka ƙera sinadarin da zai je ya cafke magnesiyam biyun nan. Na farko ya fito a 2007, dolutegravir ya biyo baya a 2013, kuma shi ne ginshiƙin ƙwayar TLD da mafi yawan masu karɓar magani a Nijeriya ke sha a yau.

Maganin da aka ƙera don kama ma'adini ba ya tambayar inda ma'adinin ya fito. In ya haɗu a ciki da farin maganin gyambon ciki mai magnesiyam, ko ƙwayar kalsiyam, ko ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki wurin awo, sai ya kama su tun a can, kaɗan ne zai shiga jini, cutar kuma ta sami sararin koyon kauce masa. Ƙa'idar ita ce a sha dolutegravir awa biyu kafin waɗannan, ko awa shida bayansu. Ƙwayar kalsiyam da ta ƙarin jini ana iya haɗa su da shi idan tare da abinci ne, maganin gyambon ciki kuwa sai an raba. Ciprofloxacin da ake yawan rubutawa don taifot, da tetracycline, su ma haka halinsu yake da ma'adinai, har da kalsiyam ɗin nono. Idan an rubuta maka ɗayansu, kada ka kora shi da fura da nono ko madara. Sha da ruwa, ka jinkirta furar awa biyu, kuma ka faɗa wa mai ba da magani duk wani abin da kake sha, har da na gargajiya da farar ƙasa in kina ci.